Jirgin Ƙasa da Cike Gaɓar Teku: Darasi Daga Legas Zuwa Bakolori

Gabatarwa

Sanin kowa ne a ƙasar Zamfara cewa hanyar jirgin ƙasa ba ta taɓa isa Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba. Iyakarta Gusau da Ƙauran Namoda, inda reshen da ya taso daga Zariya, ya ratso ta Funtuwa, ya tuƙe a shekarar 1929. A zamanin da gyaɗa da auduga suke tashe, sai an ɗora amfanin gonar waɗannan garuruwa a kan jakuna da raƙuma, daga bisani kuma a manyan motoci, an kai shi ɗaya daga cikin tashoshin nan biyu, kana jirgi ya kwashe shi zuwa Legas, inda ake loda shi a jiragen ruwa masu zuwa Turai.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani babban sashe na filin da ake sauke wannan kaya a Legas ba asalin tudu ba ne. Ruwa ne da taɓo da kurmi, aka cike su da yashi da duwatsu har wurin ya iya ɗaukar tasha da rumbuna. Jirgin ƙasa yana daga cikin manyan kayan da aka yi wannan aiki da su. Wannan maƙala za ta bayyana yadda aka yi aikin, da dalilin da ya sa aka dogara da hanyar dogo, da abin da ya biyo baya ga ruwa da yashi da halittun wurin. Daga ƙarshe za a dawo gida a auna darasin da madatsar ruwa ta Bakolori, domin ƙa'idar da ke aiki a bakin teku ita ce ke aiki a bakin gulbi: yashi da laka ba sa ɓacewa, wuri suke sauyawa, kuma duk inda aka tare su akwai wani wurin da zai rasa su.

Yadda Gaɓar Legas Take

Legas, wadda Hausawan da suka fi sani da Ikko, tana zaune a kan tsibirai da zirin yashi, tsakanin Tekun Atlantika da wani ƙaton tafki mai ruwan zartsi. Koguna irin su Ogun suna zuba a cikin tafkin, shi kuma yana haɗuwa da teku ta mashiga guda ɗaya. Sau biyu a kowace rana teku yakan cika ya janye, saboda jan da wata da rana suke yi wa ruwansa. Idan ya cika sai ruwan gishiri ya kwararo cikin tafkin, idan ya janye sai ya koma.

A gefen irin wannan tafki akwai itatuwan da ake kira mangurof, waɗanda suke iya rayuwa a cikin ruwan gishiri. Wani nau'insu, mai suna Rhizophora a harshen kimiyya, yana da saiwoyin da suke fitowa daga jikin kututture su sauko cikin laka kamar ƙafafun murhu. Waɗannan saiwoyi suna rage gudun ruwa, sai lakar da ke cikinsa ta kwanta. A ƙarƙashinsu ne ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa suke samun mafaka har su girma. Ke nan abin da ido zai ɗauka fadamar banza ce, shi ne wurin renon kifin da masunta suke kamawa.

Turawan Birtaniya sun karɓe Legas a shekarar 1861, suka kuma tarar da matsaloli biyu. Ta farko ita ce ƙarancin busasshiyar ƙasa ta yin gini. Ta biyu ita ce tsibin yashin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a bakin mashiga, wanda yake hana manyan jirage shigowa. Sai dai su tsaya can cikin teku, ko su wuce Forkados, a sauke kayansu a ƙananan jirage, su kuma su ƙetara tsibin da shi. Wannan hanya tana da tsada, tana kuma da haɗari. Maganin matsalolin biyu duka yana bukatar a kawo abu mai nauyi da yawa daga wani wuri, ga shi kuwa Legas ba ta da dutse. Ƙasarta duk yashi ce da laka. Sai an nausa arewa kimanin kilomita 100, wajen Abeokuta, kafin a tarar da manyan duwatsu masu ƙwari.

Me Ya Sa Sai Hanyar Dogo?

Amsar wannan tambaya tana cikin ilimin fizis. Duk abin da ake ja a kan ƙafa mai juyawa yana gamuwa da turjiya, kuma girmanta ya danganta da yadda ƙafar da hanyar suke lotsawa. Ƙafar amalanke tana nitsewa a cikin rairayi, tayar mota tana lotsawa a kan kwalta, amma ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe kusan ba ta lotsawa ko kaɗan. Saboda haka, a miƙaƙƙiyar hanya marar hawa, ƙarfin da ake bukata don jan tan ɗaya a kan dogo bai wuce kwatankwacin nauyin kilo 2 zuwa 3 ba. A kan kwalta yakan kai kilo 10 ko fiye, a cikin rairayi kuwa yakan zarce kilo 100. Bugu da ƙari, katakai ko ƙarafan da ake gicciyawa a ƙarƙashin dogo suna rarraba nauyin jirgi a kan fili mai faɗi, shi ya sa ake iya shimfiɗa layi a kan sabon ciko inda amalanke zai maƙale.

Ɗan lissafi zai fito da abin a fili. A ƙaddara ana son cike fadama mai faɗin hekta ɗaya, zurfin mita 2. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka ana bukatar kubik mita 20,000 na yashi. Kubik mita ɗaya na yashi mai danshi yana da nauyin kimanin tan 1.8, jimilla ke nan tan 36,000. Idan lebura yana ɗaukar kilo 30 a ka, sai an yi sawu 1,200,000 kafin a gama. Amma jirgi mai tarago 20, kowane tarago na ɗauke da tan 10, zai kwashe wannan kaya a sawu 180 kacal. Dutse kuwa ya fi yashi nauyi, domin kubik mita ɗaya na dutse mai ƙwari yakan kai tan 2.7. A farkon ƙarni na 20, kafin a sami motocin tifa da katafila, babu wata hanyar kan tudu da za ta iya wannan dako in ba dogo ba.

Injiniyoyin wancan zamani suna da wata dabara da suka yi amfani da ita a tashoshin ruwa da dama. Sukan shimfiɗa siririn layi har bakin ruwa, taragu su zo su juye duwatsu, a baje su, sannan a ƙara tsawon layin a kan abin da aka zuba. Da haka hanyar take gina ƙasar da za ta bi, tana kutsawa cikin ruwa taku bayan taku.

Tashar Iddo da Gadojinta

An fara gina hanyar jirgin ƙasa ta Legas a shekarar 1896 daga Ebute Metta, ta bi ta kusa da Abeokuta, aka buɗe ta har Ibadan a 1901. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Tambayar farko ita ce, ina za a kafa babbar tasha? Kasuwanni da ofisoshin gwamnati suna kan tsibirin Legas, amma tsibirin a cunkushe yake, ruwa kuma ya raba shi da sauran ƙasa. Sai aka zaɓi Iddo, wani ƙaramin tsibiri da ke tsakani. Aka haɗa shi da Ebute Metta ta gadar Denton, aka haɗa shi da tsibirin Legas ta gadar Carter, wadda aka buɗe a 1901. Sannu a hankali ciko ya ci gaba a gefen Iddo, har ta kai mai wucewa a yau ba zai gane cewa tsibiri ba ne.

Babban jirgi a Iddo yake tsayawa. Don a ƙarasa da mutane da kaya cikin gari, sai aka shimfiɗa wani siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 a kan gadar Carter, aka buɗe shi a 1902. An daina ɗaukar fasinja a wannan ƙaramin jirgi a ƙarshen 1913, amma reshensa mai kwashe bahayar gari da dare ya ci gaba da aiki har 1933.

A Arewa kuwa, an gina layin Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, kuma da yawa daga cikin leburorin da suka haƙa ƙasa suka ɗauke ta a ka, ta hannun sarakuna aka ɗebo su a matsayin aikin tilas. A 1912 aka haɗa wannan layi da na Legas a Minna. Daga wannan shekara gyaɗar Kano ta fara kwarara kudu, kuma nan da nan ya bayyana cewa ƙofar fitarta ta yi ƙanƙanta.

Duwatsun Aro da Katangun Mashiga

Tun kafin jirgi ya isa Kano an riga an fara aikin buɗe mashigar Legas. Daga wajen 1908 aka shiga gina manyan katangun dutse da suka miƙe cikin teku, ɗaya a gabashin mashiga, ɗaya a yammacinta. Duwatsun daga mahaƙar Aro da ke kusa da Abeokuta aka faso su. Jirgin ƙasa ya sauko da su bakin tafki, aka juye su a manyan kwale-kwalen dako, aka kai su wurin aiki. Ba don layin da aka gama a 1901 ba, da wannan aiki bai yiwu a lokacin ba.

Katangun suna aiki iri biyu. Na farko, suna tare yashin da ke tahowa ta gefen gaɓa don kada ya faɗa cikin mashiga. Na biyu, suna matse hanyar ruwa. Duk manomin rani ya san cewa idan aka rage faɗin magudana, ruwa yakan ƙara gudu, domin adadin ruwan da zai wuce bai ragu ba, ƙofar ce ta ƙanƙance. Haka ruwan tafki yake fita da ƙarfi tsakanin katangun idan teku ya janye, yana share yashin da ke ƙasa. Aka kuma haɗa da jiragen yasa, waɗanda suke zuƙe yashi daga gindin ruwa. A watan Fabrairu na 1914 jirgin wasiƙu na farko ya ƙetara mashigar ya shigo har cikin Legas.

Apapa: Ciko, Fili da Sauro

Da mashiga ta buɗe, sai bukata ta koma ga wurin da jirgin ƙasa da jirgin ruwa za su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Aka zaɓi Apapa, domin tana ɓangaren da layin dogo zai iya kaiwa daga Ebute Metta. An fara gina matsayar manyan jirage huɗu a 1921, tsawonta kimanin mita 550, aka gama a 1926. Daga 1948 aka ƙara wasu mita 762, aka kuma cike kimanin hekta 41 a bayansu don rumbuna da filin juya taragu. A nan aikin ya rabu gida biyu: yashin ciko galibi jiragen yasa ne suka zuƙo shi daga gindin ruwa, duwatsu da sauran kaya masu nauyi kuwa sai ta dogo.

Gini a kan sabon ciko yana da nasa sharaɗi. Lakar fadama cike take da ruwa. Idan aka ɗora mata nauyi, ruwan yakan fita a hankali, ƙasar ta riƙa lotsawa tsawon shekaru. Wani injiniya mai suna Karl Terzaghi ne ya bayyana lissafin wannan lotsawa a 1925. Shi ya sa ake kafa dogayen turaku su ratsa laka har su taka ƙasa mai ƙwari kafin a ɗora babban gini.

Filin Apapa kuma ba marar mai shi ba ne. A 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe shi, ta ce basaraken da ke riƙe da shi ba shi da hakkin cikakkiyar diyya. Basaraken, Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa, ya kai ƙara har Landan tare da rakiyar Herbert Macaulay. A 1921 kotun ƙoli ta daular Birtaniya ta yanke hukuncin cewa filin na al'umma ne, basarake yana riƙe da shi a madadinsu, kuma dole a biya diyya. Daga baya aka biya fam 22,500.

Akwai kuma batun lafiya. A 1897 Ronald Ross ya gano a Indiya cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana rayuwa a cikin sauro nau'in Anofilis. William MacGregor, gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904, likita ne, don haka ya ɗauki cike fadamu da haƙa magudanai a matsayin rigakafi. To amma sauro ba iri ɗaya ba ne. Anopheles melas yana ƙyanƙyasa a ruwan zartsi na gefen kurmin mangurof, shi ne wanda aka yaƙa da magudanai a kewayen Apapa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗan'uwansa Anopheles gambiae kuwa, wanda ya fi yaɗa cutar a ƙasar Hausa, ƙananan kududdufai masu samun rana yake so. Irin waɗannan kududdufai su ne ramukan da ake bari a gefen hanyar dogo bayan an ɗebi ƙasar ciko. Ke nan aikin da ya toshe wa wani sauro gida yana iya buɗe wa wani.

Wasu Biranen

Ba Legas kaɗai aka yi haka ba. Birnin Bombay na Indiya, wanda ake kira Mumbai a yau, asalinsa tsibirai bakwai ne da aka haɗe da ciko. Daga bakin ruwansa jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi a 1853, kuma a nan aka kammala ƙasaitacciyar tashar Victoria a 1888. A Hong Kong an kammala tashar Kowloon a 1916 a kan filin da aka ƙwato daga teku. An rushe ta a 1978, hasumiyar agogonta kawai ta rage. A Gana an gina tashar ruwa ta Takoradi tsakanin 1921 da 1928. A Nijeriya ma an kafa Fatakwal a gefen kurmin mangurof don fitar da kwal ɗin Inugu, layin dogo ya haɗa su a 1916. Manufar duk ɗaya ce: a sami gajeriyar hanya tsakanin tarago da cikin jirgin ruwa, don albarkatun ƙasa su fita cikin sauƙi.

Ina Yashin Ya Tafi?

Raƙuman ruwa a gaɓar Legas daga kudu maso yamma suke tahowa, saboda haka a karkace suke bugun gaɓa. Kowane raƙumi yakan tura yashi sama a karkace, idan zai koma kuma ya janyo shi ƙasa a miƙe. Da wannan kai da komowa yashi yake rarrafawa daga yamma zuwa gabas, kamar wani kogi da ba a gani. An ƙiyasta cewa abin da ke wucewa a shekara ya kai kubik mita rabin miliyan ko fiye.

Katangun mashiga sun datse wannan kogin yashi. A ɓangaren yamma yashi ya taru, gaɓa ta ƙara faɗi. A ɓangaren gabas kuwa, inda gaɓar Bar Beach ta tsibirin Victoria take, raƙuman ruwa sun ci gaba da kwashe yashi, babu mai mayar da gurbinsa. Cikin shekarun da suka biyo baya teku ya cinye fiye da kilomita ɗaya na ƙasa a kusa da katangar gabas. Daga 1958 gwamnati ta riƙa zuba sabon yashi lokaci bayan lokaci, teku yana kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello da ke bakin gaɓar. A 2008 aka fara aikin Eko Atlantic, wanda ya ƙunshi doguwar katangar dutse da kankare da cike fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10. A wannan karon manyan motoci ne suka ɗauko duwatsun. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da wurin kuma sun yi ta kokawa cewa zaizayar ta matso gare su.

Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Zaizayar da ta addabi Legas a ƙarshen ƙarni na 20 tushenta yana cikin duwatsun da jirgin ƙasa ya sauko da su daga Aro a farkonsa. Aikin ya cimma burinsa, tashar ta buɗe, amma ba a sa gaɓar gabas a cikin lissafi ba.

Darasi Ga Ƙasar Bakolori

Zamfara ba ta da teku, amma tana da gulabe, kuma gulbi ma yashi da laka yake ɗauke da su. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Yawancin jikin madatsar ƙasa ce da aka tara aka daddanne, tsawonta ya haura kilomita 5. An tsara tafkin ya riƙe kubik mita miliyan 450 na ruwa, ya shayar da kimanin hekta 23,000 a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. A nan babu dogo. Katafila da motocin tifa ne suka yi aikin da jirgin ƙasa ya yi a Legas. A Legas an mai da ruwa tudu, a Bakolori an mai da tudu ruwa, amma tambayoyin da suka taso iri ɗaya ne.

Ta farko ita ce ta masu fili. Tafkin ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu, an kuma baje gonakin wasu da dama don shimfiɗa magudanai. Rikicin diyya ya yi tsanani har manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Ta biyu ita ce ta laka. Ruwan gulbi yana shiga tafki gudunsa yake mutuwa, sai yashi da lakar da ya ɗauko su kwanta a gindi. Hakan yana rage cikin tafkin shekara bayan shekara. Fadamun da ke ƙasa da madatsar kuwa, waɗanda a da ambaliyar damina take jiƙa su ta bar musu sabuwar laka mai taki, sai suka koma matsayin gaɓar gabas ta Legas. Binciken da William Adams ya buga a 1985 ya nuna cewa bayan gina madatsar ambaliya ta ragu a waɗannan fadamu, noman shinkafa da na rani da kamun kifi duk suka ja baya.

Ta uku ita ce ta halittu. Ruwan da ke kwance a magudanai yana renon sauro da katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, musamman inda laka da ciyawa suka toshe hanya. Yasar magudanai, ashe, aikin lafiya ne kamar yadda yake aikin noma.

Wannan ba ya nufin madatsar ba ta da amfani. Shinkafa da sauran amfanin rani da ake nomawa a yankin shaida ne, kuma shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya haɗa da Bakolori. Abin da ake bukata shi ne cikakken lissafi. Tun 1992 Nijeriya take da dokar da ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Dasa itatuwa a gefen rafukan da ke sama da tafki yana rage lakar da ke shigarsa. Sakin ruwa da gangan a lokacin da ya dace yana iya maido wa fadamun ƙasa wani abu daga ambaliyar da suka rasa.

Gwaji a Makaranta

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan ƙa'ida ba tare da kashe kuɗi ba. A sami faffaɗan daro ko a haƙa rami marar zurfi a shimfiɗa masa leda. A tara yashi a gefe ɗaya ya zama gaɓa mai gangara, a zuba ruwa a ɗaya gefen. A ɗauki guntun katako a riƙa tura ruwa zuwa gaɓar a karkace, sau 100, a lura da inda yashi ya nufa. Sannan a gyara gaɓar, a kafa bulo a tsakiyarta ya miƙe cikin ruwa, a maimaita. A auna faɗin gaɓar a kowane gefen bulon da rula, a rubuta. Za a ga gefe ɗaya ya ƙaru, ɗayan ya zaizaye.

Gwaji na biyu na damina ne. A ɗebi ruwan rafi a kwalba ɗaya bayan an yi ruwan sama, a ɗebi na babbar magudanar noman rani a wata kwalbar, tare da kulawar malami. A ajiye su kwana biyu ba tare da girgizawa ba, a auna kaurin lakar da ta kwanta a gindin kowace, a tattauna dalilin bambancin.

Kammalawa

An ga yadda ƙarancin turjiya tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya ba jirgin ƙasa damar dakon duwatsun da suka buɗe mashigar Legas, da yadda Iddo da Apapa suka zama ƙofar da gyaɗar Zamfara ta bi zuwa kasuwannin duniya. An kuma ga cewa katangun da suka tare yashi a yamma sun jawo zaizaya a gabas, kamar yadda madatsar da ta tare laka a Maradun ta rage rabon fadamun da ke ƙasa da ita. Ɗaliban yau su ne injiniyoyi da malaman gona da jami'an lafiyar da za su tsara ayyukan gobe. Duk lokacin da aka kawo musu shirin cike wani wuri ko datse wani ruwa, ya kamata su nemi sanin inda za a ɗebo ƙasar, da wanda ke zaune a filin, da halittun da ke rayuwa a cikinsa, da kuma wanda ke can gaba yana jiran ruwa da lakar da za a tare.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilai biyu da suka sa hanyar dogo ta fi amalanke dacewa da aikin ciko.
2. Idan za a cike hekta 41 zurfin mita 2, sawu nawa jirgi mai ɗaukar tan 200 zai yi?
3. Zana hoton yadda raƙuman ruwa suke tafiyar da yashi a gefen gaɓa, ka nuna abin da katanga take haifarwa.
4. Mene ne bambancin wurin ƙyanƙyasar Anopheles melas da na Anopheles gambiae?
5. Kawo kamanni uku tsakanin aikin tashar Legas da na madatsar Bakolori.